Ma'aunin lokaci ko ƙaramar waya: wanne ya fi wa mai 'ya'ya?

Wata 'yar'uwa a cikinmu, uwar yara uku wadda ke koyarwa da safe, take kuma tallan atamfa a WhatsApp, ta koka cewa waya ta cinye mata yammacinta, har yaro yakan kawo mata aikin da aka ba shi a makaranta ya gaji da tsayuwa ya tafi. Tambayarta ita ce, shin ta sa wa manhajojinta ma'aunin lokaci ne, ko kuwa ta sayi ƙaramar waya mai madannai ta riƙa ajiye babbar? 'Yar'uwa, na gwada duka biyun, ga kuma yadda na same su.

Ma'aunin lokaci ba ya cin ko sisi, domin yana cikin wayarki tun daga kamfani. A shekarar 2018 Apple ya fito da Screen Time, Google kuma ya fito da Digital Wellbeing, wanda za ki tarar a saitin yawancin wayoyin Android. Babban amfaninsa shi ne yana faɗa miki gaskiyar da ba ki so ki ji: awa nawa TikTok ya ci, sau nawa kika buɗe wayar tun asuba. Za ki iya yanka wa kowace manhaja rabonta, a ce minti 30 a yini, idan ya cika sai alamarta ta dushe ta ƙi buɗuwa har tsakar dare. Aibinsa kuwa, mabuɗin yana hannun ɓarawon. A iPhone wayar da kanta take tambayarki ko kina son ƙarin minti ɗaya ko 15, a Android kuma cire ma'aunin bai wuce taɓawa biyu ko uku ba. Ni dai mako na farko na yi biyayya, a na biyu kuwa sai na iske yatsana ya haddace hanyar cirewa tun kafin hankalina ya yanke shawara. Mai iPhone tana da mafita guda, wato ta bar maigida ko babbar 'yarta su sa lambar sirrin.

Ƙaramar waya ba ta dogara da ƙarfin halinki, shi ya sa na fi karkata gare ta. Uwar da ta wuni a aji, ta dawo ta ɗora sanwa, ba ta da sauran ƙarfin yin jayayya da waya bayan magariba, saboda haka gara a raba su da wuri. Tun da galibinmu layi biyu muke riƙewa, sai ki sa layin da dangi da makarantar yara suka sani a ƙaramar, ki bar na data a babbar, ki kai ta ɗaki ki sa a caji daga la'asar zuwa bayan isha'i. Kira zai same ki, saƙon banki zai shigo, tura kuɗi ta lambobin banki ma yana yiwuwa, ga rediyo da tocila, ga batir mai kwanaki. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, aljihu ma yana jin sauƙin hakan.

Inda ƙaramar wayar ta gaza shi ne wajen sana'arki, domin mai son atamfa ba za ta jira ba idan wata mai talla ta riga ki amsawa. Nan ne nake ganin ki haɗa su: ki rubuta wa abokan cinikinki lokutan da kike amsa saƙo, misali hutun rana da kuma ƙarfe 9 na dare, ki ba su lambar ƙaramar domin mai gaggawa ta kira. Zaurukan biki da na tsofaffin ɗalibai kuwa, ki kashe musu ƙara ki tura su ma'ajiya, tun da daga 2021 WhatsApp ya daina fito da hirar da aka adana don kawai sabon saƙo ya shigo. Ma'aunin kuma ki bar shi kan TikTok da Facebook kaɗai, ki duba lissafinsa duk Juma'a ki ga ko awannin suna raguwa.