Gina sabbin filaye ko amfani da na gida?

Duk ƙasar da ta karɓi baƙuncin babbar gasa, hanya biyu ce a gabanta, ko ta gina sabbin filayen wasa ko ta gyara waɗanda take da su.

Brazil ta zaɓi gini a kofin duniya na 2014, wlh abin akwai takaici, sun je Manaus can tsakiyar dajin Amazon sun gina katafaren fili, wasa 4 kacal aka buga a ciki lokacin gasar, kuma garin ba shi da babban kulob da zai riƙa cika shi, na Brasilia kuwa har ma'ajiyar motocin bas aka mayar da harabarsa. Mutane sun fito zanga-zanga tun 2013 suna cewa asibiti da makaranta suke so, kuma gaskiya suna da hujja. Montreal ta Kanada ma bashin Olamfik ɗin 1976 sai 2006 suka gama biya.

Los Angeles ta Amurka kuwa a Olamfik ɗin 1984 tsofaffin filayenta ta gyara, 'yan kasuwa suka zuba kuɗi, har riba aka samu sama da dala miliyan 200. Matsalar dai sai mai filaye tun asali zai iya haka, ƙasa mai tasowa ba ta da wannan gatan. Ni dai ina bayan gyaran, in filayen ba su isa ba a haɗa kai da maƙwabta a raba wasannin.