A cika `$db` tun daga saman fayil, ko a jira sai an neme shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi a PHP: ka buɗe haɗin rumbun bayanai cikin `$db` a fayil ɗin da kowane shafi ke kira, ko ka bari sai lokacin da aka fara buƙatarsa. Kafin a zaɓa, a tuna yadda PHP ke aiki a tsarin da aka saba, irin na PHP-FPM. Kowace buƙata da ta zo daga burauza daga sifili take farawa, kuma da zarar ta ƙare ana share duk ma'ajiyoyin gama-gari (global variables) irin su `$db`. Wato abin da ka shirya a sama, duk wanda ya buɗe shafi sai an sake shirya masa shi.

Cikawa tun da fari ba ta ɓoye maka komai. In kalmar sirrin rumbun ba daidai ba ce, shafin zai tsaya tun kafin ya fitar da harafi ɗaya, ka gane matsalar nan take. Haka WordPress ke yi da `$wpdb`, kuma ya dace da shi, tunda da wuya ka sami shafinsa da ba ya leƙa rumbun. Illarta tana kan shafin da ba shi da abin karantawa: shi ma dole ya jira haɗin, ya kuma tare gurbi ɗaya. MySQL kuwa haɗi 151 yake karɓa a lokaci guda in ba ka canza saitinsa ba, ranar da baƙi suka yi yawa za ka ji a jikinka.

Jinkirtawa ita ce ka daina taɓa `$db` kai tsaye, ka bi ta ƙofa ɗaya:

`function db() { static $c; return $c ??= new PDO(DSN, USER, PASS); }`

Kiran farko ne kaɗai ke buɗe haɗin, sauran su karɓi wanda ke nan, domin `static` yana riƙe `$c` daga kira zuwa kira. Alamar `??=`, mai cika `$c` in babu komai a cikinsa, ta shigo ne a PHP 7.4, a 2019. PHP da kansa ma yana yin wannan dabara: saitin `auto_globals_jit` ya sa ba a gina `$_SERVER` da `$_ENV` da `$_REQUEST` sai an ga kod ɗin yana ambatonsu. Daga PHP 8.4 na 2024 kuma, akwai `newLazyGhost` da `newLazyProxy` masu jinkirta gina abu sai an taɓa shi.

Amma a nan ne nake so ka natsu. Na ɗaya, kuskuren ya bar bakin ƙofa ya koma tsakiyar aiki. Haɗin na iya faɗuwa bayan ka riga ka aika rabin shafi, lokacin da ba ka da ikon canza amsar zuwa 500, lambar da ke nuna sabar ta samu matsala. Na biyu, `??=` yana ɗaukar `null` a matsayin "ba a cika ba tukuna". In abin da kake ajiyewa zai iya zama `null` da gaske, misali mai amfani da bai shiga asusunsa ba, to kowane kira sai ya sake tambayar rumbun, kai kuma kana zaton sau ɗaya ake yi. Sai ka ƙara wata alama daban mai nuna an riga an duba.

Ni abin da nake yi: saituna masu sauƙi waɗanda komai ya dogara a kansu, ina karanta su tun farko in tabbatar sun cika. Haɗin rumbu, da haɗin aika imel, da na wata sabar waje, waɗannan ina jinkirta su.

Ka kuma duba inda kod ɗinka zai zauna. A Swoole, RoadRunner ko Laravel Octane, shirin ba ya mutuwa bayan kowace buƙata, don haka abin da ke cikin `static` yana nan daram har buƙata ta gaba. Haɗin da ya daɗe a buɗe sabar na iya yanke shi, sai ka tanadi sake buɗewa. Bayanan mai amfani kuwa kada ka kuskura ka ajiye su a nan, domin wanda ya zo bayansa zai iya ganin na wanda ya gabace shi.