Ektar 100 ko Portra 400, wanne za a saka wa tsohuwar kyamarar Baba?

Malam kace ka samu Pentax K1000 ta mahaifinka, kana son zuwa Yankari da ita sannan ka ɗauki hawan sallah, kuma kuɗin fim ɗaya gareka. To ni dai Ektar 100 zance ka saya, bari kaji dalili.

Lambar nan 100 da 400 ita ce ISO, wato saurin kama haske. Portra 400 ya ninka Ektar sau huɗu wajen wannan, shi yasa a cikin ɗaki ko bayan la'asar sakaliya ba a haɗa su. Amma mu nan Bauchi haske ne ya mana yawa ai, ba ƙaranci ba. Kyamararka shatarta, wato marfin dake buɗewa ya rufe haske ya shiga, saurinta a 1/1000 na sakan ya tsaya, in ka saka 400 da tsakar rana dole ka matse ƙofar haske ta lens zuwa f/11 ko f/16 (in lambar ta ƙaru ƙofar na ƙanƙancewa), komai na bayan mutum ya fito raɗau ko baka so. Da 100 kuwa zaka iya buɗewa har f/5.6 a 1/1000 ɗin, doki ya fito shi kaɗai bayansa ya ɗan dushe.

Sai maganar tsaki-tsakin nan kamar yashi da ake gani a hoton fim. Na Ektar ƙanana ne sosai, tun da Kodak suka fito dashi a 2008 abin da suke tallansa dashi kenan, kuma wallahi in aka faɗaɗa hoton zaka ga aikin zaren dake jikin alkyabba ɗaya bayan ɗaya, ruwan Wikki na cikin Yankari kuma shuɗinsa da koren bishiyoyin bakinsa su cika ido, ni abin da ya riƙe ni a fim ɗin kenan har yau.

Inda Portra ya fi shi fuska ne, launinsa a kwance yake, Ektar wani sa'in yana ja wa fata ja. Kuma Portra na yafe kuskure, Ektar in haske ya gaza inuwa sai ta koma shuɗi-shuɗi, don haka ka auna hasken a fuskar mutum ba a farar babbar rigarsa ba.

Wanki duk ɗaya ne, C-41, wato hanyar da aka saba wanke fim mai launi. Kafin tafiya ka ajiye fim ɗin a firij, kuma dan Allah kar ka barshi cikin mota a rana.