Wace bilenda za ki saya don madarar almon?

Almon ba ƙwaya ce mai taurin kai ba idan ta sha ruwa. A jiƙa ta awa 8 zuwa 12, a ɓare jar fatar in an ga dama, a markaɗa kofi ɗaya da ruwa kofi uku ko huɗu, a tace da ƙyalle mai tsabta. Wajen markaɗen ne bilenda ke nuna halinta, kuma iri uku kike yawan samu a shagunan Damagaram da Kasuwar Dole.

Ƙaramar da ake cajinta kamar waya tana jan ido, musamman ga wadda wuta ke yawan ɗaukewa a unguwarsu. Ki bar ta ga ayaba da gwanda. Almon sai ta yi ta juya ta ba ta niƙe ba, rabin kuɗinki ya tafi cikin dusa.

Ta tsakiya, mai wat 350 zuwa 500, wadda ke zuwa da ƙaramin kofin niƙa yaji, ita ce a yawancin gidaje. Tana yi, amma da lallashi: kaɗan-kaɗan, minti ɗaya a kashe ta huta, a sake kunnawa. Da kin ji warin ƙonewa ki tsaya. Rauninta yana gindin jug, inda haƙoran roba ke haɗuwa da injin, domin su ke fara cinyewa. Ki tambayi mai shago ko ana samun na canji.

Babba mai wat 1000 zuwa sama tana gama aiki cikin minti biyu, madarar ta fi kauri, dusar ta fito da laushi. Ni ita nake ba da shawara, kuma dalilina aya ce. Almon daga waje take zuwa, mafi yawanta daga jihar Kalifoniya ta Amurka, don haka tsadarta ba za ta bari ki sha kullum ba. Aya da waken suya kuwa namu ne, kuma busasshiyar aya ta fi wahalar da inji. Bilendar da ta iya kunun aya ba za ta gaza a kan almon ba. Sai dai mai amfani da sola ta fara duba ƙarfin inbatarta.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ki, wasu kamfanoni na ƙara gishiri. Ki ɗaga injin ki ji nauyinsa, a jona a kunna a gabanki. In ta gwanjo ce, ki juya gindinta ki karanta: wutarmu bolt 220 ce, ta Turai ta dace, amma ta Amurka mai 120 za ta ƙone da zarar an jona ta babu taransifoma. Jug na gilashi ba ya riƙe warin tattasai da albasa, na roba kuma ya fi jure faɗuwa a gidan yara.

Almon ɗin ki sayi ɗanya, ba soyayya mai gishiri ba, wadda ta yi ɗaci ko warin tsohon mai ki bar wa mai shago kayansa. Madarar kwana uku zuwa huɗu take yi a firigo, a zafin Afrilu ba firigo kuwa ki yi daidai ta shan ranar. Ba ta maye gurbin nonon uwa ga jariri.