Badukun da ya gyara mini sirdi a Bauchi

Saura sati biyu hawan Sallah, sirdina ya yi wa dokina Akawal miki a gadon baya. Na kai wa wani dattijon baduku a bayan Kasuwar Wunti. Kafin ya taɓa sirdin sai da ya sa aka kawo dokin, ya shafa bayansa, ya ce: "Alhaji, zubka ce ta mutu, kuma kana matse majayi da yawa." Ya sake cusa zubkar, wato matashin da ke ƙarƙashin sirdi, ya hana ni sukuwa har mikin ya kame, ko kilisa ma ya ce a ja shi da ragama.

Ɗinkinsa ba makusa. Linzami mai kaifi kuwa, ya ce ba ya sayarwa, yana fasa bakin doki.

Aibinsa ɗaya, alkawari: ya ce Talata, sai Juma'a na karɓa.