Linux Mint 22: shafi ɗaya na cike, kwamfuta ta zama tawa

Wallahi ban zaci abin zai zo da sauƙi haka ba. Na ɗora Linux Mint 22, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a tsohuwar laftof ɗina daga filashi, kuma wurin da na fi jin tsoro, wato wurin buɗe asusun mai kwamfuta, shi ne ya fi faranta min rai. Shafi ɗaya ne tak: sunanka, sunan da za ka raɗa wa kwamfutar, sunan shiga, sai kalmar sirri sau biyu. Ba a tambaye ni imel ba, ba a nemi lambar waya ba, ko intanet ban kunna ba. Duk wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san darajar wannan.

Abin da ya sa ya taɓa ni sosai, da na sayi laftof ɗin nan wani mai gyara ne ya ɗora min babbar manhaja, ya buɗe asusun shugaba da sunan shagonsa, ni kuma ya ba ni ƙaramin asusu. Duk manhajar da zan saka sai na kira shi, wani lokacin ma wayarsa a kashe. Kayana, kuɗina, amma makulli na hannun wani! Har yau in na tuna raina ɓaci yake. A nan kuwa asusun farko da ka buɗe shi ke da ikon shugabanci, kalmar sirrinka ce ake nema kafin a saka ko a cire komai. Yara sun daina cika min ita da wasanni.

Sai dai a kula. Sunan shiga ƙananan haruffa yake karɓa, babu tazara, babu ƙ ko ɗ. Akwai kuma wani ɗan akwatin zaɓi na kulle babban fayil ɗinka, inda takardunka ke zama, da sirri. Na daɗe ina kallonsa kafin na bar shi, domin in ka manta kalmar, babu kamfanin da zai turo maka saƙon sabuntawa, takardunka sun tafi ke nan. Mai yawan mantuwa ya rubuta ta ya adana.

Na zaɓi a riƙa tambayata kalmar sirri duk lokacin da na kunna. Tallafin wannan fitowar zai kai 2029, kuma ƙanwata ma na ce ta kawo tata ran Asabar, da hannunta za ta rubuta sunanta.