Wata takwas ina yanke hoto da GIMP a shagona na Mabera

Aikina katin gayyata ne, da kalandar biki, da sitika, da hoton fasfo, a wani ɗan shago a Mabera cikin garin Sakkwato. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka tsara rubutu da zaɓen launi su ne wahala. Ni kuwa rabin yinina yana tafiya ne wurin raba mutum da abin da ke bayansa: a ciro amarya daga gaban labule, a ciro ango daga tsakiyar abokansa, a ɗora su a kan fili mai tsafta ba tare da mai kallo ya gane an yi yanka ba.

Da can wata manhaja ta waya nake amfani da ita, irin wadda za ka danna sau ɗaya ta share bayan hoto. Ta yi mini aiki sosai, har ranar da aka kawo mini hoton wani dattijo za a yi kalandar naɗinsa. Farar babbar riga, farin rawani mai kunnuwa biyu, kuma an ɗauke shi jikin bango mai farin fenti. Manhajar ta ɗauki kunnuwan rawanin a matsayin bango ta cinye su, ta bar kan a mulmule. Ina cikin sauri, na buga gwaji. Ɗansa ya zo karɓa, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, “Malam, ina kunnuwan rawanin Baba? Wanga ai ba shi ba ne.” Duk Basakkwace ya san kunnuwan nan ba ado kawai ba ne, suna faɗin gidan da mutum ya fito. Na ba shi haƙuri, na ce ya dawo bayan la'asar. Ranar na sauke GIMP, wata manhajar gyaran hoto, a kwamfutata, kuma tun daga lokacin ban koma ba.

GIMP kyauta ce, ba kuɗin wata ba na shekara, kuma da zarar ka sauke ta ba ta neman intanet. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995. Na fara da samfurin 2.10, daga baya na koma 3.0 wanda ya fito a watan Maris na 2025, kuma kayan yankan da zan yi magana a kansu suna nan a duka biyun. Na san yawancin abokan sana'a Photoshop suke so, kuma ba na musun ƙarfinta, sai dai tun 2013 biyan kuɗin haya ake yi a kai a kai, shagona kuwa bai kai nan ba tukuna.

Abin da sabon shiga yake fara ɗauka shi ne sandar dabo, wadda danna harafin U a kwamfuta ke kira. Ka danna wuri ɗaya, ta kama duk launin da ke manne da shi mai kama da shi, sai ka ga layin ɗigo-ɗigo yana zagaye wurin kamar jerin tururuwa. Tana da ma'aunin sassauci daga 0 zuwa 255, tana zuwa a kan 15. Idan ka ɗaga shi ta ƙara haɗama, idan ka rage ta ƙara tsantseni. A hoton fasfo da aka ɗauka gaban shuɗin ƙyalle, minti ɗaya ya ishe ta. A hoton dattijon nan kuwa ba ta da abin yi, domin launi kawai take gani, fari kuma fari ne a wurinta ko na rawani ko na siminti. Almakashin da harafin I ke kira shi ma gefen da launi ya bambanta yake bi, don haka inda riga ta saje da bango sai ya ɓace hanya.

Alƙalamin zana hanya, harafin B, shi ne ya fitar da ni kunya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ba ya zato, ba ya yanke maka hukunci. Kai za ka zuƙo hoton har kashi 300 ko 400, ka dasa ɗigo a gefen rawani, ka matsa gaba ka dasa wani, ka ja hannayen ɗigon har layin ya lanƙwasa daidai da naɗin. Irin wannan lanƙwasa ana danganta ta da Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da ita wurin zana jikin mota. A ranar farko na cika ɗigo fiye da kima, layin ya fito da ƙusoshi kamar haƙoran zarto. Sai a hankali na gane cewa ɗigo kaɗan a inda layi ya canja alkibla ya fi ɗigo ɗari. Rawanin ya ci mini kusan awa ɗaya da rabi, ga zafin watan Afrilu, ga fanka tana juya iska mai ɗumi. Amma da na danna Enter, tururuwar nan ta bi kunnuwan biyu har ƙarshen bakinsu, ta sauko ta amawali, ta bi kafaɗar riga inda ta faɗo a ninke. Yanzu irin wannan aiki minti ashirin zuwa talatin yake ɗauka a hannuna.

Darasi na biyu ya fi na farko daraja a wurina. Kada ka goge bayan hoto. Ka rufe shi. Bayan ka zaɓi mutum, sai ka sanya wa shimfiɗar hoton (layer) lulluɓi (mask) daga abin da ka zaɓa. A kan lulluɓin, fari yana bayyanawa, baƙi yana ɓoyewa, kuma babu ko ɗigo ɗaya na ainihin hoton da ya salwanta. Idan ka ga ka ci gefen hula, ka ɗauki buroshi da farin launi ka shafa, ta dawo. Harafin X yana sauya maka tsakanin fari da baƙi, hannu ɗaya a kan linzami ɗaya a kan X. Akwai kuma jan lulluɓi na wucin gadi, Shift da Q, wanda ke rufe duk abin da ba ka zaɓa ba da ja, nan take ka ga inda ka yi tsallake. Ina buɗe shi kafin in amince da kowane yanka.

Inda na fi shan fama har yau shi ne mayafin amare, musamman mai shara-shara da ake hango labule ta cikinsa, da gefen leshi, da gashin gemu. Alƙalami yana yanka kaifi, su kuwa waɗannan ba su da kaifin gefe. GIMP tana da wani makami na ware abin da ke gaba: ka zagaye mutum sama-sama, fili ya koma shuɗi, ka shafa buroshi a jikinsa don ka nuna mata abin da kake so, ita ta lissafa gefen. A gemu da gashin jarirai yana ƙoƙari ƙwarai, sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi idan hoton babba ne. A mayafi kuwa na fi yarda da buroshi mai taushi da launin toka a kan lulluɓi, domin toka tana bayyana rabi ta ɓoye rabi, mayafin ya fito shara-shara yadda yake a jikin mai shi. Idan labulen ja ne, yakan bar jan zare siriri a gefen fuska da kafaɗa. Maganinsa ka tsuke zaɓin da fiksil ɗaya, wato ƙwayar ɗigo mafi ƙanƙanta a hoto, ka tausasa gefen da fiksil ɗaya ko biyu, kada ka wuce haka, in ba so kake mutum ya fito kamar yana cikin hazon hunturu ba.

Akwai abu biyu da ke lalata wa mutane aiki bayan sun gama wahala. Fayil ɗin hoto irin na JPEG ba ya riƙe fili marar launi, don haka yankakken hoto a PNG ake fitar da shi, ainihin aikin kuma a ajiye shi a XCF, tsarin fayil na GIMP, domin lulluɓi da hanyar da aka zana su zauna. Sannan hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto yana zuwa a matse, gefensa ya dagargaje idan ka zuƙo. Kullum ina ce wa masu kawo aiki, “Hajiya, don Allah ki turo shi a matsayin fayil,” kuma bambancin a fili yake.

Wanda aikinsa hoton fasfo hamsin ne a yini, ko mai sayar da atamfa da takalma a intanet, ya sani cewa GIMP ba ta zo da maɓalli guda da zai gane mutum ya ciro shi da kansa ba, kuma makon farko zai ji ta da nauyi. Amma mai yin kalandar naɗi, da walimar saukar Alƙur'ani, da katin aure, inda tufafin mutane fari ne a kan fari kuma kowane naɗi yana da ma'ana, ina ba shi shawara ya ware sati biyu ya koyi alƙalami da lulluɓi kafin komai.

Ɗan dattijon ya dawo bayan la'asar kamar yadda muka yi. Ya ɗaga takardar wajen hasken ƙofa, ya sa yatsa ya bi rawanin daga kunne zuwa kunne, ya ce a buga ɗari biyu. Bayan sati uku ƙanwarsa ta aiko da hotunan aurenta, mayafi ruwan zuma a gaban labule ruwan zuma.